Tsaron Mirriya: Shirin da Ya Kamata a Yi Tun Ana Zaune Lafiya

Duk motar da ta tashi daga Damagaram za ta Difa, ta soja ce ko ta 'yan kasuwa ko ta masu kai agaji, sai ta ratsa Mirriya. Garin yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 ba gabas da birnin Zinder, daga nan kwalta ta miƙe zuwa Gidimuni, Gure, Gudumariya, Maine-Sorowa, har Difa da Gigimi. Ta wannan hanya mutanen Difa suka kwararo yamma da tabarmi da ƙunshin kaya a watan Fabrairun 2015, bayan Boko Haram ta afka wa Boso da Difa ranar 6 ga wata. Ta nan kuma ayarin sojoji ke wucewa gabas tun daga lokacin.

Duk da haka, Allah cikin ikonsa, Mirriya ba ta ɗanɗana abin da Boso da Tumur da ƙauyukan Tilaberi suka ɗanɗana ba. Kasuwar Lahadi tana ci, mata suna gina tukwanensu, masu garka suna ban-ruwa, manoma suna kwana a gonakinsu ƙarƙashin gawo ba tare da fargabar wanda zai zo ya ce a biya shi zakka da bakin bindiga ba. Abin tambaya shi ne ko wannan zaman lafiya shiri ne ya kawo shi, ko kuwa dai masifar ce ba ta iso ba tukuna. A ganina, kariyar Allah da nisan wuri da ƙarfin sarauta da tsayuwar jami'an tsaro su ne suka riƙe mu. Shiri irin na ƙasa-ƙasa, wanda mai unguwa da direban tasha da malamar asibiti za su san abin yi ranar da abu ya faru, shi ne har yanzu da saura.

Wanda ya shimfiɗa taswira zai ga jahar Damagaram a tsakiyar wuta uku. Gabas akwai yaƙin tafkin Cadi, inda Boko Haram ta rabu biyu tun 2016, kowane ɓangare yana kisa da sace mutane. Yamma, a kudancin Maraɗi, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, ɓarayin daji masu tsallakowa daga Zamfara da Katsina da Sakkwato sun mai da satar shanu da garkuwa da mutane sana'a, har dubban 'yan Najeriya suka yi hijira zuwa can tun 2019. Arewa kuma sahara ce mai faɗi, hanyar makamai da ƙwaya tun faɗuwar Libiya a 2011, kuma a cikin jahar nan tamu ne, a yankin Tasker, aka fasa bututun man da ke kai ɗanyen mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin a daren 16 ga Yunin 2024, wata ƙungiyar tawaye mai suna FPL ta ce ita ta yi. Ga matatar SORAZ, wadda tun 2011 take tace ganga 20,000 a rana a arewacin Zinder, da tankokinta da ke bin hanyoyinmu dare da rana. Jahar da ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, mai mutum fiye da miliyan uku da rabi tun a ƙidayar 2012, wadda kuma man ƙasa ke bi ta cikinta, ba za a ce idon miyagu ba ya kanta ba.

Mutanen Damagaram suna alfahari da Sarki Tanimu, kuma sun cancanta. A tsakiyar ƙarni na 19 ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, ya tara 'yan bindiga, ƙasashen Sosebaki irin su Mirriya da Dungas da Waca suna ƙarƙashin inuwar daular. Amma shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, Faransawa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, ganuwar ba ta tare kowa ba, domin salon yaƙin ya riga ya canza. Yau ma ya sake canzawa. Maƙiyin yanzu ba ya zuwa da tuta da tambari. Yakan fara da aiko ɗan leƙen asiri ya ci kasuwa, ya sayi mai da buhun gero da katin waya, ya nemi yaron da ba shi da aikin yi, ya gano mutumin da aka ƙwace wa gona bai samu shari'a ba. Kafin a ji harbin farko, ya yi wata da watanni a cikin gari. Da ɗan gari akan ci gari.

Difa ita ce makarantar da ta fi kusa da mu, kuma darasinta mai ɗaci ne. Kwanaki kaɗan bayan harin farko gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka riƙa sabunta ta duk wata uku shekara da shekaru. Aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifin tafki da tattasan bakin Komadugu, aka taƙaita sayar da mai da takin zamani, aka rufe kasuwanni da dama, aka sa dokar hana fita da dare. Hujjar hukuma ba ta banza ba ce: da babur ake kai hari, daga kifi da tattasai 'yan ta'adda ke karɓar haraji, da wani nau'in taki ake haɗa nakiya. Sai dai ba a tanadi abin da mai kabu-kabu zai ci ba ranar da aka ce ya ajiye babur, ba a kuma tanadi abin da manomin tattasai zai yi da buhunan da ya tara ba. Dubban samari suka wayi gari hannu rabbana, a daidai lokacin da wasu ke yawo da kuɗi suna neman mayaƙa. Sai bayan shekaru aka sassauta hanin tattasai da na kifi, bayan ɓarnar ta riga ta auku.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne kwashe mutanen tsibirai. Ranar 25 ga Afrilun 2015 aka kai hari tsibirin Karamga, sojoji 46 da farar hula 28 suka rasu. Hukuma ta ba mazauna tsibiran tafkin wa'adin 'yan kwanaki su fita. Mutum wajen 25,000 suka taso, akasari a ƙafa, a tsakiyar bazara, da tsofaffi da masu ciki da jarirai, suka nufi Gigimi da Boso, ba isassun motoci, ba ruwa a hanya, ba masauki a gaba. Wasu ƙishirwa ta kashe su kafin su isa. Fitar da su daga fagen fama wataƙila dole ce, amma fitarwa ba tare da tanadi ba ita ce ta mai da matakin kariya ya zama azaba. Da aka sake afka wa Boso ranar 3 ga Yunin 2016, mutum kimanin 50,000 suka watse cikin 'yan kwanaki, da yawansu suka kafa bukkokin kara da leda a gefen wannan kwalta dai da ta ratsa Mirriya. Duk shugaban da ke tunanin tsaro a jahar Damagaram ya kamata ya zauna ya tambayi kansa: in gobe mutum dubu goma suka sauka a Mirriya daga gabas, a ina za su kwana, daga wace rijiya za su sha, wa zai rubuta sunayensu, wa zai tantance baƙo na gaskiya da wanda ya saje? Amsar irin wannan tambaya a rubuce ake ajiye ta tun ana zaune lafiya.

Ba duka abin da aka yi a Difa ne kuskure ba. A Disambar 2016 Mohamed Bazoum, lokacin yana ministan cikin gida, ya yi shelar cewa duk ɗan Boko Haram da ya ajiye makami za a karɓe shi, aka buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya, rukunin farko na mutum fiye da ɗari ya fito a ƙarshen 2019 bayan an koya musu sana'a. An yi jinkiri, an yi ƙorafi, waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa sun ga kamar an saka wa mai laifi da alheri. Duk da haka ƙofar fita tana rage mayaƙa fiye da yadda harsashi kaɗai zai rage.

Akwai wata shawara da ke saurin shiga zuciyar mutane idan tsoro ya kama su: a ba samarin gari bindiga su kare kansu. Ina fahimtar mai wannan magana, domin wanda aka kashe wa uba a gona ba ya son jin wa'azin haƙuri. Amma a duba inda aka gwada. A Zamfara 'yan sa-kai sun fara da farautar ɓarayi, suka koma kashe duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa, ramuwar gayya ta haifi dabar da yau ta gagari gwamnati. A Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, mutanen gari ne da kansu suka yi maraba da baƙi masu makamai don su kore musu ɓarayi, baƙin nan su ne Lakurawan da suka zame musu ƙarfen ƙafa. A ƙasarmu, ƙauyukan da aka ga sun fara kafa ƙungiyar kare kai su aka fi yi wa kisan kiyashi: Coma Bangu da Zarumdarai, mutum fiye da 100 ranar 2 ga Janairun 2021, yankin Tiliya, mutum 137 ranar 21 ga Maris na 2021. A farkon Nuwamba kuma magajin garin Banibangu ya jagoranci 'yan sintirinsa suka fita neman maƙiyi, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka kwanta dama har da shi. Saboda haka da aka fara kiraye-kirayen ɗaukar farar hula 'yan sa-kai da sunan Garkuwar Ƙasa a 2025, ni dai gabana ya faɗi. A gunduma irin Mirriya, inda Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Buzu ke shan rijiya ɗaya, bindiga a hannun ɓangare ɗaya gayyatar fitina ce. In ƙasa na bukatar ƙarin mayaƙa, a ɗauki samarin aikin soja da jandarma da gardi, a horar da su, a sa su ƙarƙashin doka da kwamanda.

Abin da farar hula ke da shi wanda soja ba shi da shi, ido ne da kunne. Kuma a nan Mirriya tana da gadon da ƙasashe da yawa za su yi sha'awa. Tun kaka da kakanni, baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba. Fatake suna da mai masauki, shanu suna da dillali da ya san tambarin kowane garke, tasha tana da kamasho da ya san direban da ya saba da wanda yau ya fara zuwa, mahauta suna da sarkin fawa da zai gane naman sata tun daga farashinsa. Ranar Lahadi ka tsaya a kasuwar dabbobi ka ga yadda dillali ke kallon baƙon da ya kawo bijimi uku yana neman a saya da gaggawa ko nawa ne: bai ce komai ba, amma ya riga ya gane. Labarin yana nan. Matsalar ita ce inda zai kai shi, da abin da zai same shi bayan ya kai.

Mutum yakan yi shiru saboda dalili biyu. Na farko, yana tsoron sunansa ya fita, domin a Tilaberi da Difa an sha bin hakimai da limamai har gida a kashe su bisa zargin sun yi magana da soja. Na biyu, yana tsoron abin da hukuma za ta yi da maganarsa: ko a yi banza da ita, ko a zo a kwashe unguwa guda har da marasa laifi. A Satumbar 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta fitar da sakamakon bincikenta a yankin Inates, ta ce ta gano gawar farar hula 71 a ramuka, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu masu kaki. Wannan ya biyo bayan kisan sojoji 71 a Inates a Disambar 2019 da wasu 89 a Cinagodar a Janairun 2020, kuma babu mai musun zafin da ke zuciyar abokan aikinsu. Amma kowane marar laifi da ya ɓace yana rufe bakin dangi guda, wani lokaci ma ya tura ƙaninsa daji. Haka nan tsegumin ƙarya: in aka bar mutum ya rama gabar gona ko ta aure ta hanyar cewa maƙwabcinsa ɗan ta'adda ne, ba a bincika ba, ba a hukunta maƙaryacin ba, to an lalata hanyar labarin gaba ɗaya.

Wani abu ya faru a gundumar nan da nake ganin ya fi kowane taron ƙara wa juna sani koya mana yadda ake shiri, ko da yake ba shi da alaƙa da bindiga. Bayan yunwar 2005, tamowa ta zama abin da ake yaƙi da shi kowace damina. Ƙungiyar BEFEN ta 'yan ƙasa da abokiyar aikinta ALIMA suna aiki a Mirriya tun 2009. A 2013 da 2014 suka gwada wata dabara a yankunan Dogo da Takeita: a wani ɓangare aka bar aikin gano yara masu tamowa a hannun ma'aikatan sa-kai kamar yadda aka saba, a ɗaya ɓangaren aka koya wa iyaye mata da kansu. Aka ba kowace uwa ɗan siririn ma'auni mai launi uku, ta naɗa a damtsen ɗanta: kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja a garzaya gidan likita. Matan da akasarinsu ba su taɓa shiga aji ba suka riƙa gano ciwon da wuri, yaran da suka kawo ba su kai ga kwanciya asibiti kamar na ɗaya ɓangaren ba, kuɗin da aka kashe ma ya fi sauƙi. Yau ana amfani da wannan dabara a ƙasashe da dama. Sirrinta shi ne an ba wanda ya fi kusa da matsala alama mai sauƙin ganewa, an gaya masa takamaiman inda zai je, kuma da ya je ya tarar da mai karɓarsa da magani. Da a ce uwa ta je sau biyu an kore ta, da ma'aunin ya koma abin wasan yara.

Tsaro ma haka yake son a yi masa. Kuma ba sai an ƙirƙiro sabon ofishi ba. Nijar tana da tsarin gargaɗin gaggawa kan yunwa tun 1989, yana da kwamitoci har ƙauyuka masu lura da farashin hatsi da lafiyar dabbobi da ɓarkewar cuta, su aika wa ƙaramar hukuma. Akwai majalisun tsaro na jaha da na gunduma, inda gwamna ko shugaban gunduma ke zama da shugabannin jami'an tsaro. Doka ta amince da sarakuna a matsayin wani ɓangare na mulki. Abin da ya rage shi ne a ɗinke waɗannan da juna, ta yadda maganar mai gari za ta isa inda ake yanke shawara a yini ɗaya, sunansa a rufe, amsa kuma ta dawo masa. Tun da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, kansilan da talaka ya saba kai wa kuka ba ya nan, nauyin ya ƙara komawa kan sarakuna da masu unguwanni, waɗanda da yawansu kuɗin katin waya ma daga aljihunsu yake fita.

Sai kuma sa'ar farko bayan abu ya faru, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Mu ɗauka, Allah ya kiyaye, wani abu ya fashe a tsakiyar kasuwa da hantsi. Abin da jama'a za su yi sananne ne: rabi su ruga, rabi su taru a kan wurin suna kallo, wasu su ɗaga waya suna ɗauka. 'Yan ta'adda sun san wannan hali, shi ya sa a Mubi ranar 1 ga Mayun 2018 bam na biyu ya tashi a daidai inda masu gudu daga masallaci suka nufa. Wanda ƙarfe ya yanke wa jijiyar cinya, jini zai iya ƙarar da shi cikin mintoci kaɗan, tun kafin a samo mota, alhali ɗaure saman raunin da rawani ko ɗankwali da ƙarfi zai iya riƙe ransa har babban asibitin Zinder. Mutum nawa ne a tashar Mirriya aka taɓa nuna wa wannan? Wa zai buɗe hanya in 'yan kallo da amalanke sun toshe ta? Motar ɗaukar marasa lafiya tana da mai a cikinta a wannan sa'a, ko sai dangi sun haɗa kuɗi? Duk wanda ya taɓa jinyar yaro lokacin zazzaɓin damina ya san yadda ake fafutukar neman jini leda ɗaya, balle a ce mutum talatin ake nema wa a lokaci guda. Yara da yawa ba su san 17 ce lambar 'yan sanda ba, 18 kuma ta 'yan kwana-kwana.

Mai cewa wannan tsoratarwa ce ya tuna ba sai ɗan ta'adda ya zo ake bukatar irin wannan shiri ba. A Mayun 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin Yamai, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta ci rai fiye da 50. A Majiya ta jihar Jigawa, maƙwabtanmu na kudu, irin wannan ta kashe mutum fiye da 150 a Oktobar 2024. A Nuwambar 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi, yara fiye da 20 suka ƙone. Sanƙarau ya ratsa Dungas da Magariya da Matamaye da Mirriya daga ƙarshen 2022, ambaliyar 2024 kuwa har tsohon masallacin Birni ta rushe. Horon da zai ceci rai ranar hari shi ne dai zai cece shi ranar gobara da haɗarin mota, don haka ko masifar da muke tsoro ba ta taɓa zuwa ba, kuɗin bai tafi a banza ba. Ga 'yan agajin masallatai da na Croix-Rouge da ƙungiyoyin masu kabu-kabu a shirye, abin da suke nema mai koyarwa ne da ɗan kayan aiki. Tun Oktobar 2023 talaka yana zuba dala biyu-biyu a asusun ceton ƙasa ta hanyar waya da tikitin mota. Yana da haƙƙin ya ga wani kaso na wannan kuɗi ya dawo gundumarsa a matsayin motar asibiti da ma'ajiyar jini da motar kashe gobara.

Ƙofofi biyu ne nake ganin in fitina za ta shigo mana ta nan za ta biyo. Ta farko rikicin ƙasa. Gonaki sun cinye burtali, makiyaya ta tsuke, kowace kaka sai an yi cacar baki kan ranar sakin gonaki. A Toda ta jahar Maraɗi, a 1991, irin wannan rikici ya ci rai fiye da 100 a yini ɗaya, akasari mata da yara. Mirriya tana cikin wurare biyu na farko, ita da Maine-Sorowa, da aka kafa hukumar kula da filaye a 1994 bayan fitowar dokar karkara. Wannan hukuma, in ta samu abin aiki ta shata burtali ta kafa alama, ta rubuta cinikin gona da jingina, aikin tsaro take yi ko da ba ta da kaki. A arewacin Tilaberi, makiyayan da suka ga ba mai bi musu haƙƙi su ne farkon waɗanda masu iƙirarin jihadi suka jawo.

Ta biyu samari. Wanda yake Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 ba zai manta ba. Fushin ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fushi ne na gaskiya, amma cikin sa'o'i kaɗan zanga-zanga ta kuɓuce wa kowa, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa da dukiyar maƙwabta Kirista da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, mutum biyar suka mutu a Zinder, washegari wasu biyar a Yamai. Ranar ta nuna yawan samarin da ke zaune ba aiki, da saurin da wani zai iya juya su. Fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya shiga unguwar Kara-Kara ya nuna 'yan pale, wato gungun samarin unguwa, a yadda suke: masu ƙarfi, masu zuciya, masu neman abin yi, da yawansu suna rayuwa da fasa-ƙwaurin mai. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli har zuwa Maris na 2024, sana'ar ruwa-ruwa, wato cinikin man fasa-ƙwauri, da ta riƙe dubban gidaje ta durƙushe. Abin yabo ne cewa samarin Damagaram ba su bi sahun masu tsattsauran ra'ayi ba duk da wannan matsi, kuma malamai da iyaye suna da lada a kai. Amma bai kamata a riƙa gwada haƙurinsu ba iyaka ba.

Game da manyan al'amuran ƙasa, kowa ya san sauyin da aka yi: sojojin Faransa sun fita a Disambar 2023, na Amurka a 2024, Nijar ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso a ƙawancen AES, ta bar CEDEAO, a Maris na 2025 kuma ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da ya shafi mutumin Mirriya shi ne Bamako da Wagadugu suna da nisa, Daura da Babura da Maigatari da Nguru kuwa ga su nan a bakin ƙofa. Ɓarawon da ya saci shanu a Dungas kafin azahar ya kai su kasuwar Maigatari, wanda aka koro daga dajin Katsina kuma arewa zai nufo. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun zauna a Yamai a Afrilun 2025. Ko manya sun shirya ko ba su shirya ba, kada a yanke zumuncin da ke tsakanin fadar Damagaram da fadojin Daura da Gumel da Macina, kada kuma a hana jandarman kan iyaka ɗaga waya ya kira takwaransa na ƙetare.

Kirana ga shugaban gunduma da kantoma da Mai Martaba Sarkin Mirriya, Allah ya ja zamaninsa, shi ne kafin kaka mai zuwa a tara masu gari da ardo-ardo da limamai da shugabannin tasha da na kasuwa da na mata da ma'aikatan lafiya a zaure ɗaya. A fitar da lambar waya guda da ake ɗauka dare da rana, a rubuta inda za a sauke baƙi in sun zo da yawa, a ɗauki sunayen masu iya ba da jini, a koya wa masu kabu-kabu da 'yan agaji tsayar da jini. Sannan a zaɓi wata Lahadi, a sanar da jama'a tun da wuri ta gidan rediyo don kada a firgita, a gwada fitar da mutane daga kasuwa da kai masu rauni Zinder, a duba agogo a ga minti nawa aka ɗauka.